Baba na ɗaka, gemu na waje

Mako bakwai ke nan da teburin mai shayin da nake zama a Titin Bauchi ya koma zauren shari'a. Da an idar da sallar isha'i, sanyin Jos ya fara ratsa ƙashi, sai ka ga an jingina waya da gwangwanin madara, kawuna biyar ko shida sun haɗu a kanta, ana mayar da bidiyo baya ana tsayarwa. Wanda ake tuhuma kuwa babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Wani shiri ne mai dogon zango. Ba zan kama sunansa ba, kada a ce talla nake masa ko ɓatanci. A cikinsa akwai mutumin da yaransa ke kira Na Sama. Shi ke sa a ɗauke mutum, shi ke sa a sako shi, kuma shi ke juya gidan wani attajiri daga nesa kamar waina a tanda. Abin da kyamara ta taɓa nuna mana nasa bai wuce hannun dama ba, da zoben azurfa, da bakin hannun farar shadda, sai wata murya da aka daƙushe a waya.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wani dattijon tela da shagonsa ke kusa ya ajiye kofinsa ya ce a tsayar masa. Ya ɗora yatsa a kan gilashin wayar har ya bar tabon man ƙwai.

"Ku dubi aikin nan. Na hannu ne, ba na keke ba, zare biyu. A shirin nan kaf mutum biyu na gani da irin wannan ɗinki. Alhajin da kansa, sai direbansa ranar ɗaurin aure."

"Haba Baba, direba kuma? Wanda ake aike sayo kati?" in ji wani matashi mai Keke Napep.

"Ɗan nan, rigar da maigida ya gaji da ita, wa yake ba wa?"

Wuri ya yi tsit. Mai shayi ma ya manta da Indomie a kan wuta.

Abin da telan nan ya yi shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai masu ganin wannan canke-canke aikin marasa aikin yi ne. Ni a ganina shi ne mafi daraja a cikin duk abin da mai kallo ke ba mai shirya fim, ya fi kuɗin data da yake ƙonawa, ya fi lambar masu kallo da ake nuna wa masu talla. Mutum ya shekara arba'in yana ɗinki, ya kwaso wannan ido ya zuba a kan labarinka, yana ƙirga zare. Ya ɗauka ke nan ba da ka aka sa wa hannun nan wannan riga ba. Ya yarda da kai. Tambayata ga marubuta da daraktoci ita ce ko sun san nauyin wannan yarda.

Ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Kafin talabijin, da kacici-kacici aka raine mu a tsakar gida da farin wata. Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya: tsintsiya. Ɗakin saurayi ba ƙofa: ƙwai. Baba na ɗaka, gemu na waje: wuta da hayaƙi. Ku lura da amsoshin nan, duk abubuwan da ke cikin gida ne, wasu ma kana zaune a kusa da su lokacin da ake maka tambayar. Daɗin wasan yana inda za ka gaza, ka ce na ba ka gari, na ba ka Kano ko Zariya, a faɗa maka amsa, ka dafe kai ka ce ash, ga ta a gabana. Da a ce wata yaya ta karɓi garin sannan ta ambaci wani abin da ba wanda ya taɓa gani a ƙauyen, gobe ba mai zama a tabarmarta. Baba yana iya ɓuya a ɗaka iya son ransa, amma gemun da ke waje dole ya zama nasa.

A nan ne shirye-shiryenmu da yawa ke yi mana ungulu da kan zabo. Shekarar da ta wuce na bi wani shirin tare da Goggona, wadda ba ta karanta boko amma ba a saka magana ta wuce ta. Wata huɗu muna bin wani mai baƙin rawani da ke aika wasiƙun barazana. Goggo ta kafe a kan ƙanin mijin jarumar shirin, saboda wani ɗan tari da yake yi kafin ya yi magana, irin wanda ake ji a bayan rawanin. Ranar da aka warware rawanin sai ga ɗan tagwayen mijin, wai tun yana jariri aka tafi da shi ƙasar waje, ba uwar da ta taɓa ambatarsa, ba hoto, ba ko gatse a bakin wata tsohuwa. Goggo ta miƙo mini wayar ta ce, "Karɓi abarka, ɗan nan. Mutanen nan ba su san ko wane ne ba, tare da mu suke nema." Ba ta ƙara kallon shirin ba, kuma duk lokacin da aka zo da sabo sai ta tambaya ko na masu tagwayen nan ne.

Turawa ma sun sha wannan takaici har suka rubuta masa doka. A 1929 wani limamin Katolika a Ingila, Ronald Knox, wanda shi kansa marubucin labaran binciken laifi ne, ya fitar da ƙa'idoji goma. Ta farko ita ce dole mai laifin ya zama wanda aka ambata tun farkon labari. Akwai wadda ta hana shigo da tagwaye sai an share musu fage tun da wuri, kamar dai ya san Goggona. Akwai wadda ta ce duk alamar da mai bincike ya tsinta, a nuna wa mai karatu ita nan take. Akwai kuma wadda ta hana warware asiri ta hanyar abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Wannan ta ƙarshen ba zan ɗauke ta ɗungurungum ba, don boka da iska suna cikin duniyar da mutanenmu ke rayuwa, kuma labarin da ya kore su gaba ɗaya ya rage gaskiya. Abin da nake ƙi shi ne a yi sati ashirin ana jan mutane da zobe da murya da lambar mota, ranar ƙarshe a kai jaruma gaban ƙwarya da ruwa fuska ta bayyana a ciki. In haka za a yi, me ya hana a je wurin bokan tun sati na biyu a huta?

Shahararren misali a duniya ya zo daga Amurka. A ranar 21 ga Maris 1980, shirin Dallas ya rufe zango da harbin J.R. Ewing, attajirin man fetur mai maƙiya ta ko'ina, ba tare da an nuna mai bindigar ba. Yajin aikin 'yan wasa ya ƙara jan lokacin, sai da aka yi wata takwas cif ana canka. Don kada asiri ya fita daga wurin ɗaukar, an ɗauki 'yan wasa da dama kowa yana harba bindigar, su kansu ba su san wanne za a saka ba. Ranar 21 ga Nuwamba 1980 sama da mutum miliyan 80 a Amurka suka zauna ganin amsa. Ƙanwar matar J.R. ce, wadda kuma yake nema a ɓoye. Ta daɗe a gaban masu kallo, an ga yadda ya wulaƙanta ta, an ji ta tana ƙullata. Masu shirin sun ɓoye amsar ga ma'aikatansu iya ɓoyewa, amma ba su je waje sun yi hayar mai laifi ba.

Na san hanzarin masu sana'ar, kuma ba duka ne na banza ba. Shiri a nan zango-zango ake ɗaukarsa, kuɗin na gaba yana jiran abin da na baya ya kawo daga YouTube ko daga masu talla. Kana tsaka da labari jaruma ta yi aure ta bar fim, ko a saɓa da jarumi a kan kuɗi ya yi fushi ya tafi. In shi ne ka tanada a bayan labule, ya za ka yi? Wannan uzuri ne na gaske, kodayake mai dabara yakan dasa alamu a kan mutum biyu tun farko don irin wannan rana. Hanzari na biyu shi ne wanda ban karɓa ba: wai in mutane suka canka, shirin ya mutu, don haka da an ji jama'a sun taru a kan wani sai a karkata. Wanda ya yi haka ya hukunta mafi kyawun masu kallonsa ya saka wa masu gyangyaɗi. In tela ya gano mutuminka daga bakin hannun riga, shaida ce cewa ka yi gini mai tushe. Kuma shi ɗin da ya canka ba zai daina kallo ba, shi ne ma zai riga kowa zama a gaban wayar, don yana da abin da zai karɓa a teburin mai shayi. Bayan haka ma, sanin ko wane ne rabin labari ne. Saura dalili, saura yadda aka yi ya zauna a gida ɗaya da mutane suna ci suna sha ba su gane ba, saura fuskar matarsa ranar da za ta sani.

In wani gari zai yi wannan sakaci, bai kamata Jos ta yi ba. A nan gidan talabijin na tsohuwar jihar Binuwai-Filato ya fara watsa hoto mai launi a 1975, ya riga na Legas. A nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, da makarantar koyon fim ta ƙasa da ke ƙarƙashinta, ga kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield. Masu riƙe kyamara da masu tace hoto da yawa da ke aiki a Kano da Kaduna a nan suka koya. Garin da ya saba ganin ana tare layi don ɗaukar fim yana da masu kallo da suka san cewa ba a sa wa ɗan wasa zobe a banza.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi a teburin nan wanda bai yi mini daɗi ba. Satin farko, kafin a ga wata alama, baki ɗaya aka tafi a kan amarya, don kawai kishiya ce. Sati na biyu aka koma kan mai gadi, wanda laifinsa ɗaya shi ne Hausarsa ba ta nuna ba. Marubucin ya san haka za a yi, da gangan ya sa kyamara ta riƙa daɗewa a kan mai gadin yana zare ido. Dabara ce mai arha, kuma a garinmu tana da tsada. Mun ga kwamitin bincike na Mai shari'a Niki Tobi bayan rikicin Jos na Satumban 2001, mun ga na Bola Ajibola bayan na Nuwamban 2008, amma har yau "wasu da ba a san ko su wane ne ba" ba su bar bakin masu karanta labarai ba. Inda ba a bayyana mai laifi, zato ne ke cike gurbi, kuma zato kan baƙo yake fara sauka. Ina jin shi ya sa muke manne wa shirin da ya yi alkawarin wata rana za a yaye labule a ga fuska guda, mai suna, mai dalili. Marubucin da ya san inda yake zaune zai iya amfani da wannan son zuciya namu ya kunyata mu, ya wanke mai gadin a gabanmu. Idan kuwa ƙarshenta mai gadin ne don kawai ba ɗan gari ba ne, to bai ba mu komai ba sai abin da muka zo da shi daga gida.

Ni ma fa ba waliyyi ba ne, ina da nawa wanda nake zargi. Ban bi tela ba. Ina kan akawun Alhajin, wannan mai sanyin murya da ke zuwa da fayil yana durƙusawa har ƙasa. Sau uku Na Sama yana buga waya ana jin kiran sallah a bayansa daga nesa, da ƙarar injin niƙa, kuma wuri ɗaya da aka taɓa nuna mana injin niƙa shi ne layin da akawun yake haya. Sannan duk fitowarsa hannunsa na dama yana ƙarƙashin fayil. Tela ya ce wannan shirme ne, akawu mai albashin nan ba zai iya ɗinkin hannu ba. Na ce Baba, mai juya kuɗin Alhaji ne fa.

Mai Keke ya kawo shawarar wanda ya faɗi ya sayi shayi da burodi na mako guda. Wani malami da ke gefe yana shan ruwan zafi ya ɗago ya ce wannan caca ce, a bari. Sai muka koma tsarin tsakar gida. Tela ya ce in ba direba ba ne ya ba ni Bukuru da kasuwarta. Ni kuma na sa Farin Gada, har da tumatir da kabejin da ke cikinta. Mai shayi ne shaida, ya rubuta a bayan kwalin suga ya soke a jikin ƙusa. Saura fitowa uku zangon ya ƙare.