Lumen 100,000 a Kwali, Duhu a Hannu

Waɗanda suka ga hoton da na saka shekaranjiya sun riga sun san zancen tocilar da ta mutu mana a hanya. Har yanzu raina bai huce ba, shi ya sa na dawo. Tocilar nan da ƙanena ya saya, wadda aka rubuta lumen 100,000 da manyan haruffa a kwalinta (lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa), ita ce ta yasar da mu a gefen titi da tsakar dare, taya a kwance, mota a kan jak, noti biyu sun gangara cikin ciyawa. Minti uku na farko ta haska kamar za ta fasa ido. Kafin mu gama kwance tayar ta dishe, kafin minti 20 ta mutu murus. Da hasken waya muka yi ta laluben notin nan, wayar ma cajinta saura ƙiris.

Ba ƙanena nake jin haushi ba. Yaron ya yi abin da kusan kowa ke yi ne, ya duba lambar da ta fi girma ya ɗauka. Haushina yana kan wanda ya buga lambar nan alhali ya san ƙarya ce, da kuma mu da muka bari lamba ta zama ma'aunin tocila. Jama'a, ku daina tambayar lumen nawa ce. Ku tambaya awa nawa take riƙe hasken. Wannan kaɗai nake son in dasa a zukatanku yau, kuma zan yi ta maimaita shi har ku gaji da ni.

Mu yi lissafi, don kada a ce ɓacin rai ne ke magana. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da lumen 800 ko kusa da haka. Ƙwan fitilar mota na halojin yana tsakanin 1,000 da 1,500. To abu mai tsawon tafin hannu, mai batir ɗaya a ciki, wai shi ne zai ba da hasken ƙwan ɗaki 125 a lokaci guda? A ce ma ƙwan LED ɗin da ke ciki mai kyau ne, yana ba da lumen 150 a kowane wat. Kafin ya kai 100,000 sai ya sha wat sama da 600. Batirin 18650, wato irin wanda ke cikin tocilar nan, ko mafi inganci ne, duk abin da ke cikinsa bai wuce ya ba da wat 12 ko 13 na tsawon awa ɗaya ba. Ko da zai iya zuba wutar gaba ɗaya, wanda ba zai iya ba, da minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ya ƙare, kuma da hannun mai riƙe da ita ya sha ƙuna. Ƙaryar ba ta buƙatar na'urar gwaji, biro da takarda sun ishe ta.

Da muka dawo gida na kwance ta na zaro batirin. An rubuta 9,900 mAh a jikinsa, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka. Sunan 18650 girmansa ne, faɗi milimita 18, tsawo milimita 65. A wannan girman, manyan kamfanonin da ke ƙera shi da gaske, irin su Samsung da LG da Panasonic, iyakacin abin da suke iya durawa wajen 3,500 ne. Su da suka mallaki masana'antun ba su kai 4,500 ba, sai wani marar suna ya zo da 9,900? Batirin gaske yana da nauyin giram 45 zuwa 48. Wannan da na ɗaga shi sai na ji kamar fanko. Kun ga ƙarya biyu ke nan a kwali ɗaya, ta haske da ta batir, kuma dukansu lamba aka yi amfani da ita wajen yaudara.

Na san abin da wasu za su ce: ai wannan jabu ce, da ya sayi ta kamfani mai suna da shi ke nan. Ba shi ke nan ba ne. Ko kamfanin da ba ya ƙarya, lambar kwalinsa ba ta gaya muku abin da kuke tsammani. Akwai ƙa'idar gwajin tocila da aka fitar a Amurka a 2009, ana kiran ta FL1, ita ce yawancin kamfanonin kirki ke bi. A ƙa'idar nan ana auna lumen ne tsakanin daƙiƙa 30 da minti biyu bayan an kunna, lokacin da batir ke cike, ƙwan kuma bai yi zafi ba. Tsawon lokacin aiki kuwa ana ci gaba da ƙirga shi har sai hasken ya faɗo zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Ma'ana, kwali zai iya cewa lumen 2,000, awa uku, bai kuma yi ƙarya ba, alhali bayan minti biyu tocilar ta sauko da kanta zuwa 'yan ɗaruruwa saboda zafi, sauran lokacin duk a haka za ta yi shi. Matakin nan da suke kira turbo na leƙe ne, a duba nesa a kashe. Ƙaramin jikin ƙarfe ba shi da inda zai kai zafin. Shi ya sa kamfanin da ya mutunta mai saye yake buga zanen da ke nuna yadda hasken ke sauka minti bayan minti. In kun ga zanen, ku duba inda layin ya miƙe ya daina gangara. Nan ne ainihin tocilar take. Awa nawa take riƙe hasken, shi ne zancen.

Wani ya ce mini, gara haske ya yi yawa da ya yi kaɗan. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kwanciya ƙarƙashin mota da tocila ba. Ka haska ƙarfe mai sheƙi da lumen 1,000 daga nisan kamu ɗaya, hasken zai dawo maka a fuska, ka ɗaga kai ka kasa ganin komai. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, kuma walƙiya ɗaya mai ƙarfi ta isa ta rusa wannan sabon. Sannan ido ba ya ƙirga haske kamar yadda na'ura ke yi. Sai an ninka lumen wajen sau huɗu kafin mutum ya ji kamar hasken ya ninka sau biyu. Tsakanin 800 da 1,000 da ƙyar za ka lura da bambanci, amma batirinka zai lura.

Ku tuna me kuke yi da tocila a rayuwar yau da kullum. Neman makulli da ya faɗi. Duba akwatin fis in wuta ta ɗauke. Leƙa bayan firji. Tashi da dare a duba yaro ba tare da an tashe shi ba. Tafiya a hanya mai duhu. Don duba yaro, lumen ɗaya ko biyu ya isa, kuma a wannan matakin tocila mai kyau tana kwanaki a kunne. Aikin hannu da tafiya 30 zuwa 100 sun wadatar. In tocila tana iya riƙe 300 na awanni ba ta dishe ba, wallahi ta gama yi muku kusan komai. Ni a wurina ƙaramin mataki ya fi babban mataki daraja, domin shi ne ake amfani da shi kullum, kuma shi ne zai raka mutum har gari ya waye ranar da abu ya lalace.

Masu cewa ai waya ta isa, na ji ku. A daren nan waya ce ta cece mu, ban musa ba. Amma haskenta a baje yake, ba ya zuwa nesa, ga ta da santsi a hannun da ya sha baƙin mai, kuma kowane minti da take haskawa tana cinye cajin da za ka kira taimako da shi. Na tsaya ina kallon cajin yana sauka ina lissafin ko zai kai mu. Ban so kowa ya shiga wannan halin.

Yanzu ga masu tambayar me za su canza in suna son su inganta tasu. Ku fara da batir, kada ku fara da ƙwai. Batirin gaske ɗaya daga hannun amintacce ya fi sabuwar tocila mai babbar lamba. In kuna son mai daɗewa, akwai 21700, ɗan girma kaɗan, yana ɗaukar wajen 5,000 mAh. Amma batirin litiyam ba abin wasa ba ne. Kada a jefa shi tsirara a aljihu tare da makullai ko sulalla, ƙarfe ya haɗa kansa da jikinsa sai wuta. In ledar jikinsa ta yage, a daina amfani da shi har a sake masa wata. Wanda ba ya son wannan ɗawainiyar ya tsaya a kan tocila mai cin AA, ba abin kunya ba ne, ko'ina a duniya ana samun batirinta. Sai dai in za a ajiye ta a durowa ko a mota, kada a bar batirin alkalin a ciki wata da watanni. Yana tsiyayar da wani ruwa mai cin ƙarfe, ka buɗe ka tarar da farin gari ya cinye sifirin. Tociloli da yawa ba tsufa ne ya kashe su ba, batirin da aka manta a cikinsu ne. Masu caji irin Eneloop, waɗanda Sanyo ta fara fitarwa a 2005, suna riƙe cajinsu a ajiye kuma ba su da wannan ta'asar.

Bayan batir sai launin haske, abin da kwali ba ya cika yin ihu a kansa. Farin LED asalinsa shuɗi ne aka lulluɓe da sinadari mai ba da rawaya. Shuɗin nan shi ne aikin da ya sa aka ba masana kimiyya uku, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel a 2014. Ƙwai mai fari fat da ya karkata zuwa shuɗi, wajen 6,500K a ma'aunin launin haske, ya fi fitar da babbar lamba, don haka masu neman lamba suke son sa. Amma a ƙarƙashinsa launuka suna kwanciya, jar waya da ruwan ƙasa su yi kama, ciwo a fata ya ɓoye kamanninsa, in da ƙura ko hazo kuma hasken ya dawo maka. Ku nemi 4,000K zuwa 5,000K, mai ma'aunin fitar da launi, wato CRI, 90 ko sama. Lumen zai ɗan ragu, ganin zai ƙaru. Ranar da na fara riƙe irin wannan na haska ganye na ga kore na gaske, ban sake waiwayar ɗayan ba.

Makunni ma abin dubawa ne. Tocilar da sai ka bi ta mafi ƙarfi, ka bi ta matsakaici, ka bi ta walƙiya mai ƙyafta ido kafin ta mutu, wannan azaba ce. Ta kirki tana barin ka ka fara daga ƙarami. Mai zuƙowa kuwa, wadda ake jan kanta gaba da baya, ku bar ta inda kuka gan ta. In an matse hasken, rabo mai yawa yana ɓacewa a cikin kan, kuma wurin jan nan ƙofa ce ga ruwa da ƙura. Ku duba alamar ruwa: IPX4 fantsama kawai take jurewa, IPX7 tana iya minti 30 a zurfin mita ɗaya. In aikinku na hannu biyu ne, ku sayi ta ɗaurawa a goshi. Da ita muke da ita a daren nan da ƙanena bai tsaya yana riƙe mini haske ba, da ya kama aiki mun gama da wuri.

Duk wannan ƙari ne. Tushen dai ɗaya ne, kuma ga gwajin da ba ya buƙatar kowa: ku cika batirin, ku kunna ta a matakin da kuke amfani da shi, ku ajiye a tebur ku duba agogo. Ku yi shi yau da rana tsaka, a gida, hankali kwance. Abin da kuka gani shi ne abin da za ta yi muku a gefen titi. Ƙanena ya tsaya a bayana yana riƙe da matacciyar tocila yana ba ni haƙuri, muryarsa na rawa, kamar shi ya yi laifin. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk daren. Ya saye ta ne don ya ji yana da abin kariya a mota, ya yarda da abin da aka rubuta masa.

Af, tunda zancen daren nan ake, akwai wasu da nake da magana da su. Masu cire ƙwan halojin daga fitilar mota su cusa na LED a gurbinsa. Motoci nawa suka wuce mu muna durƙushe, kowace sai ta makantar da mu na wasu daƙiƙoƙi, har sai mun dakata da aiki. Kwanon da ke bayan ƙwan an ƙera shi ne daidai da inda siririyar wayar halojin take zama, don ya kwantar da hasken a kan titi ya yanke shi ƙasa da idon mai tahowa. In aka sa ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani gurbin daban, yankan nan ya lalace, haske ya watsu sama. Direban yana ciki yana jin daɗi wai ya ƙara gani, na gabansa kuwa ya runtse ido yana tuƙi da addu'a. In kun yi wannan canjin, yau da dare ku faka motar tana fuskantar bango, ku kunna ƙaramar fitila, ku fito ku duba inda layin hasken ya tsaya.