Manyan malaman tattalin arziki sun tuba, amma darasin aji ɗaya bai canja ba

Tun watan Maris na 2024, lokacin da masanin tattalin arziki Angus Deaton ya rubuta a mujallar Asusun Ba da Lamuni na Duniya cewa ya sauya tunani, ake ta yi masa tafi. Mutumin da ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 2015 ya amsa cewa shi da abokan aikinsa sun yi sakaci da batun wanda ke riƙe da iko a kasuwa, kuma ya daɗe yana ɗaukar ƙungiyoyin ƙwadago a matsayin cikas. Madalla da dattijo. Tafin ne yake ba ni haushi, domin ihu ne bayan hari. Mai shekara 78 ya tuba, amma ɗan shekara 18 da ya shiga jami'a bana, a wurare da yawa tsohon karatun nan za a ɗura masa.

Ku leƙa ajin 'yan shekarar farko. Malam zai ja layi biyu a allo, ɗaya na hawa (masu neman aiki) ɗaya na sauka (ma'aikatan da masu ɗaukar aiki ke buƙata), su gitta kamar almakashi. Sai ya ja na uku a samansu ya ce wannan shi ne mafi ƙarancin albashi, tazarar da ke tsakani kuma su ne mutanen da za su rasa aiki. Ɗalibai su kwafe, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa, a ba su maki.

Alhali tun 1992, da jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, David Card da Alan Krueger suka bi gidajen abinci kusan 400 a jihar da maƙwabciyarta Pennsylvania, ba su ga ayyuka sun ragu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Joan Robinson ta bayyana shi tun 1933: inda masu ɗaukar aiki ba su da yawa, ma'aikaci kuma ba shi da wurin zuwa, ana biyansa ƙasa da darajar guminsa, don haka ƙari ba lallai ya jawo kora ba. Card ya samu Nobel a 2021. Har yau masana na jayayya a kan iyakar ƙarin da kasuwa za ta iya ɗauka, kuma jayayyar ce ya kamata ɗalibi ya ji. A maimakon haka sai a ba shi ɓangare guda a ce masa doka ce.

Masu kare wannan tsari cewa suke a sauƙaƙa wa yara tukuna, sauran bayani sai a digiri na uku. Nawa ne ke kaiwa can? Mafi yawansu kwas ɗaya suke yi su wuce, su zama lauyoyi, 'yan jarida, 'yan majalisa da ministoci, ɗauke da layukan nan biyu har furfura.

Irin wannan tarbiyya ce ke sa a haɗiye lissafi ba a tauna ba. A 2010 masana tattalin arziki Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka ce idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasarta kan faɗi warwas. 'Yan siyasa a Amurka da Turai suka rungumi adadin, suka kafa hujjar tsuke bakin aljihu da shi. Sai a 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, wanda aikin aji kawai aka ba shi, ya nemi ainihin lissafin nasu a manhajar Excel, ya tarar an tsallake ƙasashe biyar wajen haɗa jimla, ga wasu kurakuran kuma. Da aka gyara, ƙasashen masu tarin bashi suka fito da bunƙasar kashi 2.2 cikin 100, ba koma-baya ba. Shekara uku manyan furofesoshi na ambaton adadin, ɗalibi ne ya buɗe ya duba! A shekarar ce kuma babban masanin Asusun Ba da Lamuni na Duniya da kansa, Olivier Blanchard, ya yarda sun raina ɓarnar da rage kashe kuɗin gwamnati zai yi a Turai. Mutanen Girka sun riga sun ji a jikinsu.

Ɗalibai sun daɗe suna kuka. A 2011 wasu suka fice daga ajin Gregory Mankiw a Harvard, daga baya na Jami'ar Manchester suka kafa ƙungiya suna neman a koya musu yadda rikicin kuɗi na 2008 ya faru. An samu yunƙuri irin na CORE, wani shirin sabunta manhajar tattalin arziki da Wendy Carlin ke jagoranta, wanda yake fara darasi da rashin daidaito da tarihi. To a dawo da tarihin fannin cikin manhaja, a tilasta shi. A ba ɗan aji ɗaya alƙaluma na gaskiya ya yi ta fama da su, irin aikin da aka ba Herndon. Malamin da ya sauya ra'ayi kuwa, kafin ya aika wa mujalla, ya fara sauya tambayoyin jarrabawarsa.