Fenti Kawai Yake Buƙata

Dillalin da ya sayar mini da gidan nan mutum ne mai tsoron Allah, ko ƙarya ɗaya bai yi mini ba. Ya ce ɗakuna biyar ne, na ƙirga, biyar ɗin ne. Ya ce akwai ruwa, akwai shi kuwa, sai dai bai faɗi cewa a cikin bango yake ba. Ya ce, "Yallaɓai, fenti kawai yake buƙata." Lalle yana buƙatar fenti, idan an gama sauran abubuwan.

Niyyata ƙaramin masauki ne, irin wanda masu gida ke zaune a ciki, baƙo ya kwana, da safe a ba shi karin kumallo ya kama gabansa. Ɗakuna huɗu na baƙi, ɗaya namu. Na ɗauki biro na ninka huɗu sau 365, na sami 1,460, na ninka da kuɗin kwana, na ga wani adadi da ya sa na miƙe tsaye ina zagaya falo. Uwargida ta leƙo takardar ta ce, "Maigida, su waɗannan baƙin da za su cika ɗakunan kullum har ranar da ake ruwa da iska, ka riga ka yi magana da su ne?" Na ce mata ita ba ta san kasuwanci ba.

Ranar da mai fenti ya zo, ya sa ƙarfensa zai kankare tsohon fenti, sai filasta ta biyo shi, faifai guda, ta faɗo a kan ƙafarsa. Bayanta duk wani farin gari ne kamar an barbaɗa. Aka kira magini. Ya dangwala ya ɗanɗana, ya ce gishiri ne. Wai wanda ya gina gidan bai shimfiɗa abin tare danshi a gindin bango ba, don haka bangon yana tsotso ruwan ƙasa a hankali, ruwan ya hau kamar mita ɗaya, ya bushe, ya bar gishirinsa yana cin filasta. In ka shafa fenti a kai, ka yi wa gishiri ado ne, 'yan watanni zai kumburo ya zube. Magani sai an sassaƙe filastar duka, an tare danshin, an yi sabuwa, an bar ta makonni ta bushe. Mai fenti ya naɗe tabarmarsa ya ce in neme shi idan gida ya zama gida.

Daga nan allura ta tono garma. Da aka sassaƙe bango sai bututun ruwa suka bayyana, tsofaffin na ƙarfe. Mai aikin famfo ya yanko guntu ɗaya ya miƙo mini ya ce in leƙa. Na ɗaga shi sama na rufe ido ɗaya: tsatsa ta cike cikinsa, 'yar hudar da ta rage ko fensir ba zai wuce ba. Ya ce shi ya sa in an buɗe famfon ƙasa, na sama sai ya yi tari ya yi shiru. Garin cire bututun aka ci karo da wayoyin lantarki, rigarsu ta bushe tana marmashewa in ka taɓa, babu wayar da ke kai wuta ƙasa ko ɗaya a duk gidan. Mai wayarin ya dube ni da tausayi ya tambaya ko muna kwana a nan. Na ce muna kwana. Ya ce, "Allah ya yi da sauran kwananku a gaba."

Abin da na lura shi ne duk ma'aikacin da ya shigo, kafin ya ajiye jakarsa sai ya ja tsaki ya ce, "Wa ya yi maka wannan aikin?" Mai tayil ya zagi aikin magini, kafinta ya zagi aikin mai tayil, mai silin ya zagi su duka. Wata rana mai aikin famfo ya durƙusa ƙarƙashin wurin wanke hannu, ya daɗe yana girgiza kai, ya ce, "Oga, wanda ya haɗa maka wannan bai ji tsoron Allah ba." Na ce masa shi ne, wancan watan. Ya sake leƙawa ya ce to lalle wani ya taɓa bayansa.

Baƙon yanzu ba ya son ya fita da tawul a wuya yana layin banɗaki, dole kowane ɗaki ya sami nasa. Na nuna wani bango na ce a fasa. An ɗaga guduma ke nan Allah ya kawo injiniya, ya daka tsawa: ashe bangon ne ke ɗauke da benen. Aka canza wuri. Banɗakin ya fito tsaf, tayil yana ƙyalli, sai da muka buɗe shawa muka ga ruwan ya juya wa magudana baya, ya nufi ƙofa, ya shiga ɗaki ya kwanta ƙarƙashin gado. Gangaren da ake so ɗan kaɗan ne, santimita ɗaya ko biyu a kowace mita, kuma mai tayil ya yi shi daidai, sai dai ya fuskantar da shi inda ransa ya so.

Maganar takardu ba zan ja ta ba. Gidan zama daban, wurin kasuwanci daban, sai an nemi izinin sauya shi. Inshorar gidan zama ba ta san baƙo mai biyan kuɗi ba. 'Yan kwana-kwana suka zo suka ce a sa tukunyar kashe gobara, a sa na'urar jin hayaƙi a kowane ɗaki, a bar hanyar fita a buɗe. Duba-gari ya buɗe firij ya rufe, ya ce ruwan hita ya riƙa kai digiri 60 saboda wata ƙwayar cuta da ke son ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya daɗe a tanki. Na ce to. A lokacin ko cewa aka yi in sa wa gidan hula, to zan ce.

Ɗan yayata, wanda kullum kansa ke cikin waya, shi ya ɗauki nauyin tallata mu. Ya hau kujera a kusurwar ɗaki ya ɗauki hoto, ɗakin ya fito da faɗin da ni mai shi ban taɓa gani ba. Ya sa mu a shafukan intanet biyu da matafiya ke kama masauki: Booking.com, kamfanin da aka fara a Holan a 1996, da kuma Airbnb. Ya ce, "Kawu, na farkon suna cire la'ada, wajen kashi 15 cikin 100 na duk kwanan da suka kawo." Na ce ashe ban rabu da dillalai ba. Ya ƙara da cewa a Booking.com baƙo yana ba ka maki daga 1 zuwa 10, a Airbnb kuma taurari biyar ne, kuma sai ka riƙe 4.8 kafin a sa ka cikin gwanaye. Wato in mutum ya ba ka huɗu cikin biyar, yana ganin ya yaba maka, kai kuwa ya ja ka ƙasa. Tun da na bar makaranta ban zaci za a sake ba ni sakamakon jarrabawa ba, balle a manna shi inda duk duniya ke gani.

Ashe gyaran gini hutu ne. Wanda ke da masauki shi ne na ƙarshen kwanciya, shi ne na farkon tashi. Baƙo ya ce zai iso da la'asar, sai sha biyun dare ka ji ƙararrawa, ya shigo yana murmushi ya ce a ba shi karin kumallo ƙarfe shida. Wani ya rubuto cewa jikinsa ba ya karɓar alkama, wata ba ta shan duk abin da aka sa wa madara, kuma wannan ba abin wasa ba ne, sai an ware musu cokali da faranti. Ƙarfe sha ɗaya masu tafiya su tafi, ƙarfe uku masu zuwa su zo, a tsakani kuma ni da uwargida muna tsere da zannuwan gado. Kowane gado sai da kashi uku: ɗaya a kai, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye. Duk farare, don fari ne kaɗai ke jure maganin cire tabo, kuma shi ne ke tona asirin gashi ƙwaya ɗaya daga bakin ƙofa. Ni da ban taɓa gyara shimfiɗata ba, yau ga ni ina iya sa wa bargo riga ni kaɗai, kodayake akwai ranar da uwargida ta shigo ta tarar ni ne a cikin rigar, bargon yana ƙasa.

Hitar da na saya mai lita 50 ce, shawa kuwa tana zubar da wajen lita 8 zuwa 10 a minti. Baƙon da ya fara wanka yakan sauko yana yi mana addu'a. Na biyu, ihunsa muke fara ji.

Sai ɗaki na huɗu ya soma wari. Ba warin da za ka nuna da yatsa ba, irin mai zuwa ya tafi, ya jira sai baƙo ya ajiye jaka ya dawo. Na wanke, na goge, na fesa turare har idona ya yi ja. Na zargi ɓera, na sa aka buɗe silin. Na zargi katifa, na fitar da ita rana. Daga ƙarshe na kira mai aikin famfo ina shirin jin cewa za a sake fasa ƙasa. Ya shiga, ya shaƙa, ya tambaya yaushe rabon da a kwana a ɗakin. Na ce an ɗan jima. Ya ce a ba shi kofi. Ya cika shi da ruwa ya tsiyaya a magudanar banɗaki, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Wai a ƙarƙashin kowace magudana akwai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa, ruwan nan shi ne murfin da ke hana iskar masai dawowa. In ɗaki ya daɗe babu kowa, sai ya ƙafe, hanya ta buɗe. Ya karɓi kuɗin aikinsa cif. Na ce, "Malam, ruwan nawa ne, kofin ma nawa ne." Ya ce, "Hancin fa, Oga?"

Duk wannan somin taɓi ne a kan daren da muka cika. Ɗan yayata ya haɗa kalandar shafukan biyu don in an kama ɗaki a nan ya rufe a can, amma bai gaya mini cewa saƙon yakan ɗauki 'yan awoyi kafin ya isa ba. A cikin 'yan awoyin nan aka sayar da ɗaki na biyu sau biyu. Da magariba wani dattijo da matarsa suka iso, na ba su makulli. Bayan isha'i sai ga wasu ango da amarya da akwatuna, ango ya nuna mini waya: ɗaki na biyu, an biya. Na kira yaron ina raɗa. Ya ce, "Kawu, kada ka soke. In ka soke na Airbnb akwai tara kuma sunanka ya ɓaci, in ka soke na Booking kai za ka nemo musu wani masauki ka cika abin da ya ƙaru." Gaba damisa, baya siyaki.

Na dubi uwargida, ta dube ni. Ba ta ce komai ba, ta wuce ɗakinmu. Cikin minti kaɗan ta kwashe kayanmu ta cusa a buhunan wanki, ta shimfiɗa farin zane, ta jera tawul, ta fito ta ce wa amarya, "Ƙanwata, an ɗaga ku zuwa babban ɗaki, kyauta." Amarya har da rungume ta.

Mu kuwa sito. Tsakanin injin wanki da tulin bokitan fentin da suka rage akwai wurin da mutum biyu za su kwanta in sun daina numfashi tare. Yaron ya kawo mana katifar da ake hura wa iska, yana hurawa yana ba ni haƙuri da tarihi: wai masu Airbnb ɗin ma haka suka fara, a San Faransisko a 2007, Brian Chesky da Joe Gebbia, kuɗin haya ya gagare su, ana wani taro otal-otal sun cika, suka shimfiɗa katifun iska uku a falonsu. Na ce, "Su wa suka kwana a kan katifun?" Ya ce baƙin. Na ce ya hura ya yi mini shiru.

Katifar tana da huda. Wajen ƙarfe biyu muka sauka ƙasa a hankali, ba hayaniya. Ƙarfe uku kuma wani abu ya fara "ƙyit" a cikin gidan, ya yi shiru, ya sake. Uwargida ta ce gyare ne. Na fita da tocila da takalmi ɗaya a hannu, ina sanɗa a baranda cikin gajeren wando, ina bin sauti daga ƙofa zuwa ƙofa. Ashe na'urar jin hayaƙi ce batirinta ya yi sanyi, kuma irin wannan kukan sun fi yin sa da tsakar dare, lokacin da gari ya huce. Ina kan kujera, hannu a silin, dattijon ɗaki na biyu ya buɗe ƙofa. Muka dubi juna. Na ce, "Baba, an tashi lafiya?" Ya dubi agogonsa ya rufe ƙofar.

Bayan kwana biyu sakamako ya fito. Ango da amarya sun ba mu taurari biyar, sun yabi ɗaki, sun ce sai dai sun tarar da haƙoran roba a cikin kofi a durowar gefen gado, ko wani baƙo ne ya manta. Uwargida ta karanta ta dube ni, na rufe baki. Dattijo kuma ya ba mu 7 cikin 10. Ya rubuta cewa gida tsaf, matar gida mutuniyar kirki ce, amma a duba injin wankin da ke sito, domin ya kwana yana gurnani har asuba, kuma maigadin da suke da shi yana yawo da dare babu riga.

Ɗan yayata ya ce ƙa'ida ce a ba da amsa cikin ladabi. Na ce ya rubuta: mun gode, an gyara injin, maigadin kuma mun so sallamarsa amma shi ke biyan bashin banki.