Injiniyan Teku Ba Matuƙin Jirgi Ba Ne

Da zarar matashi ya ce injiniyancin gaɓar teku ya karanta, sai a ɗauka a cikin jirgin ruwa zai ƙare. Abin yana damuna, don da yawan waɗannan injiniyoyi a tudu suke aiki. Su ne ke auna ƙarfin igiyar ruwa da yadda take kwashe yashi, su tsara katangar da za ta tare ta. Dubi Legas: teku ya daɗe yana cin gaɓar da ake kira Bar Beach, har aka jera duwatsu da tubalan kankare masu nauyin tan 5 a gaban Eko Atlantic, sabon birnin da ake ginawa a inda aka cike teku da yashi. Wasu kuma yashe tashoshin jiragen ruwa suke yi, irin ta Lekki da aka buɗe a 2023, don manyan jirage su samu zurfin tsayawa.