Dabara ta 39

Akwai ilimin da bai kamata a bai wa mai son musu ba sai likita ya duba shi tukuna, wato ilimin gane gurguwar hujja. Ni dai babu wanda ya duba ni. A karance-karancen dare na ci karo da shi, na ga ashe Aristotil, masanin nan na Girka da ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya jera hanyoyi 13 da magana kan yi kama da hujja alhali ba hujjar ba ce, 6 na wasa da kalmomi, 7 kuma na karkatar da tunani. Daga nan na gangara kan wani Bajamushe, Shofenhawa, wanda ya rasu a 1860. Shi kuma dabaru 38 ya tara, waɗanda mutum zai bi ya ci musu ko da shi ne marar gaskiya. Kafin asuba na haddace abin da ya sawwaƙa, na tashi ina jin babu mahaluƙin da zai sake raina mini hankali da baki.

Uwargida ce ta fara faɗawa hannuna. Ta dubi jajayen idanuna ta ce, "Maigida, wai yaushe za ka daina kashe dare a kan wayar nan?"

Na gyara zama. Na nuna mata cewa tambaya ce mai tarko, tambayoyi biyu aka ƙulle wuri guda. Ko na ce gobe, ko na ce ba rana, na riga na amsa laifin kashe dare, alhali ba a tabbatar da shi ba tukuna. Na ƙara da cewa tana cikin 13 ɗin Aristotil.

Ta ce, "To, ka gaishe shi. Ka dai makara."

A wurin aiki na tarar ana ta ƙorafi, wai tun da aka kawo sabon ma'aikaci intanet ɗin ofis yake ɗaukewa, saboda haka shi ne sila. Ai kuwa na miƙe na kare bawan Allah. Na ce zuwan abu bayan abu ba ya nufin na farkon ne ya haifi na biyun. Zakara kan yi cara kafin rana ta fito, amma ko an toshe masa baki rana ba za ta fasa fitowa ba. Aka yi tsit, har shi sabon ma'aikacin ya zo ya ba ni hannu. Bayan la'asar aka kama shi yana zare wayar na'urar intanet yana jona cajar wayarsa, ashe kullum haka yake yi. Kowa ya juyo yana kallona. Na ce su daina kallona, domin hujjarsu ta safe har yanzu gurguwa ce, dace kawai suka yi. Kuma gaskiyata ce, mutum yana iya bin karkatacciyar hanya ya ɓulla inda ya dace, kamar yadda rushe hujjar mutum ba ya nuna cewa abin da yake faɗa ƙarya ne. Babu wanda ya tsaya jin wannan ɓangaren.

Cikin ɗan lokaci na yi suna. Mai cewa "kowa ma haka yake yi" ya ji daga gare ni, mai cewa "tun kaka da kakanni" ya ji. Aka cire ni daga zauren WhatsApp na dangi ba tare da an kawo hujja ko ɗaya ba.

Ana haka wani tsohon abokina ya zo neman rance, ya ce ƙarshen wata zai biya. Labari ya kai kunnen yayana, ya bugo mini waya.

"Kai, kada ka ba shi. Mutumin nan bai taɓa biyan bashi ba."

Na ce, "Yaya, ka bar magana ka koma sukar mai magana. Ko ɓarawo ne ya ce biyu da biyu huɗu, huɗun ce."

"Ko marigayi Baba ya sha faɗa, kada a ba irinsu rance."

Na ce Allah ya jiƙan Baba, amma tun a 1690 wani masanin Ingila, Jon Lok, ya bayyana irin wannan, a jingina magana ga babban mutum don a ji kunyar musa ta. Yaya ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce, "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne," ya kashe wayarsa.

A nan akwai ɗan bayani da masu rubutun nan suke ɓoyewa can ƙasan shafi, inda barci ya riga ya ɗauke mai karatu. Sukar mutum tana zama gurguwar hujja ne idan halinsa bai shafi abin da ake magana a kai ba. Lissafi ba ruwansa da halin mai yin sa. Amma in maganar ita ce "zan biya ƙarshen wata", to tarihin mutum wajen biyan bashi shi ne ainihin hujjar, babu ma wadda ta fi ta. Ni a ganina irin wannan bayani a saman shafi ya kamata a sa shi, da manyan baƙaƙe. Ko ma dai mene ne, lokacin da na iso wurin, kuɗi sun riga sun bar hannuna.

Wata ya ƙare, wani ya bi bayansa. Na shirya na same shi a gida. Bayan gaisuwa na ce, "Mutumina, maganar 'yan kuɗin nan ce."

Ya dafe ƙirji. "Wato ɓarawo ka mayar da ni ke nan?"

Daɗi ya kama ni. Na ce ban ce ɓarawo ba, shi ne ya sassaƙa wata magana mai sauƙin kayarwa ya liƙa mini, don ya yi kokawa da ita ya bar tawa.

"To ai bashi hanji ne, yana cikin kowa."

Na ce yawan masu riƙe bashi ba ya sauke nasa.

"Kai da ka taɓa riƙe mini caja har ta lalace?"

Na ce ko da caja goma na riƙe, laifina ba ya wanke nasa, sai dai mu zama masu laifi biyu.

Ya sassauta murya. "Shi ke nan, zaɓi ɗaya, kuɗi ko zumunci."

Na ce akwai ƙofa ta uku da ya rufe da gangan: ya biya ni, mu ci gaba da zumunci. Sai ya ja dogon numfashi, ya yi abin da har yau in na tuna nake jinjina masa. Ya ce in ya biya ni yau, gobe sauran masu bin sa za su ji labari su yi masa layi, kuɗin haya su tafi, mai gida ya watso musu kaya waje, yara su bar makaranta. Ya kalle ni ido cikin ido ya ce, "Me yarana suka yi maka da kake so su bar makaranta?"

Jama'a, uku a numfashi ɗaya! Ga gangara mai santsi, inda ake jero masifu kowace tana jan ta gaba ba tare da an nuna dalilin da zai sa dole ta ja ta ba. Ga neman tausayi a gurbin hujja. Ga kuma tambaya mai tarko a ƙarshe, irin ta uwargida amma wadda ta fi tata ƙwari. Ban san lokacin da na tafa masa ba.

Ya ce in kawo shaidar cewa ba zai biya ba. Na ce wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida, kuma shi ne ya ce zai biya. Ya ce shi mutum ne mai cika alkawari. Na tambaye shi ta yaya zan sani, ya ce ai ga shi ya faɗa mini, kuma mai cika alkawari ba ya ƙarya. Na ce wannan zagaye ne, ya kafa hujja da abin da ake nema ya tabbatar. Duk inda ya ɓullo na tare. Tunda nake musu ban taɓa yin nasara irin ta ranar ba.

Sai ya yi shiru, ya ƙura mini ido, ya ce, "Malam, don Allah a ina ka koyi duk wannan?"

Ku fahimce ni. Tun da na fara wannan karatu babu wanda ya taɓa tambayata, kowa gudu yake yi. Ga mutum ya jawo kujera, har ya ɗauko biro da takarda. Na faro masa daga Aristotil, na bi ta kan Lok, na sauka a kan Shofenhawa. Yana rubutawa yana girgiza kai, yana cewa ashe an daɗe ana cutar su a duniya. Da duhu ya fara ya rako ni bakin titi, ya ce shi fa ya ƙudura sai ya karanta dabarun nan 38 da idonsa, matsalar dai datarsa ta ƙare, ko zan ɗan taimaka masa, ya haɗa da na baya ya biya gaba ɗaya.

Wane malami ne zai hana ɗalibinsa ɗaya tilo kuɗin karatu?

Na bi jerin Bajamushen nan daga farko har ƙarshe ban ga wannan dabarar ba, don haka na rubuta ta da hannuna a matsayin ta 39. Jiya kuma saƙon ɗalibin nawa ya shigo: "Malam, karatu ya yi nisa. Ka ce in biya saboda na yi alkawari, alkawarin kuma na cewa zan biya ne. Shin wannan ba zagaye ba ne?"

Ba zagaye ba ne, kuma ina da amsa mai ƙarfi. Na rubuta masa shafi huɗu, sai dai ya ce datar ta sake ƙarewa.