Kafin ku ce Alhaji ya ƙara kuɗin saba, ku fara duba ciwon

Satin da ya wuce wani Alhaji ɗan uwa mai harkar hatsi a kasuwar Mile 12 ta Legas ya kira ni ransa a ɓace. Manhajar da suke rubuta bashi da lissafin buhuna, wadda da take fito da rahoton rana kafin ka ƙifta ido, yanzu sai yara su sauke rabin tirela tana nan tana juyawa. Yaron da ke kula musu da ita ya ɗaga rumbun bayanan ne, wato ma'ajiyar da manhajar ke adana lissafinta mai suna MySQL, daga siga ta 5.7 zuwa sabuwa ta 8.0, da aka yi magana kuma sai ya ce wai Alhaji a kama hayar babbar saba, wato kwamfutar da rumbun ke zaune a kai. Da dala fa, a wannan marra.

Ɗagawar ba laifi ba ce, tun Oktoban 2023 aka daina toshe ɓarakar tsaro a 5.7. Masu cewa a koma tsohuwar siga a huta ba su cancanci dogon martani ba, kuɗin mutane ne a ciki. Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan ɗabi'a ta jefa kuɗi a kan ciwon da ba a ko duba ba, kuma wallahi ta yi yawa a tsakanin yaranmu masu rubuta manhaja daga Agege har Yaba.

Rumbun bayanai kamar direban danfo yake, duk tambayar da manhaja ta aika masa ta neman bayani sai ya zaɓi hanya tukuna, ko gadar Third Mainland ko titin Ikorodu. Sabuwar siga sabon direba ne, idan ya faɗa gosulo ƙara masa girman mota ba zai fitar da shi ba. A 8.0 an cire ma'ajiyar nan da ke riƙe amsoshin tambayoyin da aka saba yi gaba ɗaya, to duk wata ruɓaɓɓiyar tambaya da ta shekara tana fakewa a bayanta yanzu asirinta ya tonu. Sannan tsarin adana haruffa na asali ya koma wani mai suna utf8mb4, in ka haɗa tsohon teburin bayanai da sabo tsarinsu bai zo ɗaya ba rumbun na iya watsar da fihirisa, wato jerin da ke kai shi ga bayani kai tsaye, ya koma bin layi ɗaya bayan ɗaya, layi dubu nawa ne oho, haka zai bi su duka.

Masu ɗaya rumbun da ake kira PostgreSQL ma kada su yi dariya. Kafin siga ta 18, pg_upgrade, kayan ɗaga sigarsu, ba ya ɗauko ƙididdigar teburan da rumbun ke zaɓen hanya da ita, in ba ka ba da umarnin ANALYZE ya sake ƙirga ta ba direbanka a makance yake tuƙi. A siga ta 12 kuma aka fara kawo JIT a kunne, wata dabarar shirya tambaya don ta yi sauri, wani lokacin shirin da yake yi ya fi aikin kansa cin lokaci.

Duk wannan ana ganinsa kyauta. Kunna rajistar tambayoyi masu jinkiri, ɗauko uku da suka fi nauyi, sa musu EXPLAIN, umarnin da ke nuna hanyar da rumbun ya zaɓa, a tsohuwar siga da sabuwa ka kwatanta. Aikin yamma ɗaya ne. Amma na tambayi yaron nan ko ya ajiye kwafin tsohon rumbun ya gwada kafin ya taɓa na aiki, ya ce bai ga buƙata ba. Haba malam, amanar dukiyar mutum aka ba ka!

Na ce wa Alhaji kada ya fitar da ko sisi sai an nuna masa takamaiman tambayar da ke jan ƙafa, da hanyar da take bi jiya da wadda take bi yau.