Ƴaƴan tarwada dubu ɗari daga uwa nawa?

Duk bayan damina sai a ji labarin an zuba ƴaƴan kifi dubu kaza a tafkunan jihar Damagaram, a yi tafi, a ɗauki hoto, amma babu mai tambayar iyaye nawa ne suka haifi wannan tulin. Wannan sakaci ne yake damuna, domin a kiwon kifi yawan kai daban, yawan iri daban.

Wanda ya taɓa shiga wurin ƙyanƙyasar tarwada ya san yadda abin yake. Ana yi wa macen allura, a matse ƙwanta cikin roba, a yanka namijin a ciro maniyyinsa a tsiyaya a kai, sannan a gauraya da gashin kaza. Mace guda tana ba da ƙwai dubbai, shi kuwa namijin ya riga ya mutu, saboda haka mai gona yakan zaɓi iyayen baɗi daga cikin ƴaƴan bana. Haka wa yake haɗuwa da ƙanwa shekara bayan shekara, har girma ya ragu, kifi ya riƙa fitowa da karkataccen baya, kuma cuta guda ta iya shafe kududdufi baki ɗaya tunda duk jininsu ɗaya ne.

Ƙasar Sin ta riga ta ɗanɗana wannan da sikalop, ƙumbar tekun nan da ake cin namanta. A 1982 aka kai mata wani nau'insa daga gaɓar tekun Amurka, guda 26 kacal suka rayu, kuma a kansu aka gina babbar sana'a a lardunan Shandon da Liyawnin. Da masana suka gwada ƙwayoyin gadon na kiwon da na dangoginsu da ke teku, sai suka tarar na kiwon sun yi asarar bambancin da ke tsakaninsu, har ya zama dole a sake shigo da sabon iri a shekarun 1990. Su suna da ɗakunan bincike da kuɗin gyara kuskure. Mu fa?

Masu cewa talaka nama yake nema ba ilimin ƙwayoyin gado ba, sun manta cewa talakan ne zai fara kwana da yunwa ranar da irin ya lalace. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, tarwadar tafkin Gidimuni da ta Lasuri, a nan jihar Damagaram, sun daɗe suna jure zafin bazara da janyewar ruwa, kuma wannan juriya a jininsu take. Idan aka yi musu ambaliyar ƴan uba ɗaya da aka sayo daga ƙetaren iyaka, suka yi ta barbara da su, gadon da ba a sayen sa a kasuwa ne zai narke, ba tare da kowa ya taɓa auna shi ba.

Ya kamata jami'an kula da muhalli su fara neman takardar asalin kowane rukunin ƴaƴan kifi kafin a zuba shi, a kuma sa Jami'ar Damagaram ta binciki irin da ke tafkunanmu tun yana nan. Duk wanda ba zai iya faɗin iyayen kifinsa ba, to ya ajiye shi a kududdufin gidansa.